Kushewa a Gonar Alkasum

"An sace mana kushewa, ranka shi daɗe."

Sufeto Munkaila Takama ya ɗago kai daga teburinsa a buro, ofishin jandarma na Illela. Wata tsohuwa ce, Uwani, ta dawo daga Sakkwato bayan daɗewa. Ta ce iyayenta da kakanninta suna kwance kusa da Tajaye, gabas da tsohon sansanin matasa, ƙarƙashin wani gawo, an jera musu jajayen duwatsu. Ta je ziyara, ba gawo, ba duwatsu, sai gero.

"Inna, kin tabbata ba ɓata kika yi ba?"

"Wa ke ɓace kabarin uwarshi?"

Sufeto ya ɗauki hularsa, ya kira wani jandarma, suka shiga mota tare da Uwani.

Tun da aka watse, sansanin ya zama kango, awaki na kiwo a filin fareti. Mai gadinsa, Labo, yana saƙa igiya a inuwa.

"Gawo? Ban taɓa ganin shi ba," in ji Labo.

Sufeto ya dubi turmin da Labo yake zaune a kai, sabon sassaƙa ne.

"Wanga turmi iccen mi ne?"

Labo ya sosa ƙeya. "Gawo ne. Alkasum ya ba ni, mai gonar can."

Sun tarar da Alkasum yana gyaran rumbu. Ya tarbe su da fura mai sanyi, ya rantse gonar gado ce, ba a taɓa binne ko kaza a ciki ba. Sufeto ya sha, ya yaba, idonsa na kan gindin rumbun. Jajayen duwatsu ne aka ɗora shi a kai.

"Zo ka zagaya da ni gonar," ya ce.

Suna tafe suna hirar damina. Da suka kai wani ɗan tudu inda geron ya fi duhu, Alkasum ya tuɓe takalmansa bai sani ba, leɓɓansa na motsi.

"Wa kake wa sallama, Alkasum?"

Mutumin ya dubi ƙafafunsa. Sai ya durƙusa.

"Nan ne. Da aka tashi sansanin na ga ba mai zuwa, na sare iccen, na kwashe duwatsun. Amma wallahi ban taɓa shiga nan da takalmi ba."

"Za ka maimaita wannan a buro. In ka dawo, kowane dutse ka mai da shi wurinshi."

Jandarman ya riƙe hannun Alkasum suka nufi mota. Uwani ta bi shi da kallo.

"Kada ku matsa mashi," ta ce. "Ya gaishe su lokacin da ba ni nan."

Ta zauna a bakin tudun, ta gyara mayafi, ta soma ba mahaifiyarta labarin jikoki, ɗaya bayan ɗaya. Sufeto ya koma inuwa ya ƙarasa furarsa.