Zobe Mai Launi Biyu

A garin College Park na ƙasar Amurka akwai wata yarinya 'yar shekara goma. Ita ce ƙarama a gidansu, kowa Auta yake ce mata. A nan aka haife ta. Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take amsawa.

Yayanta Muntaka yana neman auren wata nas mai suna Furera. An sa ranar baiko. Muntaka ya ce zai ba ta zobe, kamar yadda ake yi a nan.

Baba ya ce, "Mu goro da alawa muka kai, ga uwarku nan har yau ba ta gudu ba."

Umma ta ce, "Zobena nake jira, Alhaji. Shi ya sa."

Muntaka ba ya so Furera ta san da zancen zoben. Sai ya kira ƙanwarsa gefe.

Ya ce, "Auta, ran Asabar Umma za ta je gidansu Furera a Clinton. Ki bi ta. Ki yi dabara ki tambayar mini abu biyu. Wane irin zobe take so? Kuma akwai ƙarfen da fatarta ba ta so? Mai shagon zobba ya ce lallai in sani."

Yarinyar ta ce to.

Ran Asabar suka tarar da falo cike da mata. Furera na zaune a tsakiyarsu. Yarinyar ta durƙusa ta yi gaisuwa da Hausa, harshenta ya karye. Wata gwaggo ta yi dariya ta ce, "Lale da Ba'amurkiya."

Kunya ta kama ta. Ta koma bayan Umma ta zauna. Har suka tashi ba ta sake buɗe baki ba. Ba ta tambayi Furera komai ba.

Washegari Muntaka ya ɗauke ta zuwa shagon zobba a Annandale.

Ya ce, "To, 'yar aike, me ta ce?"

Yarinyar ta dubi gilashin da aka jera zobba a ciki. Ta ga wani zobe, an murɗa zinare da farin ƙarfe wuri guda. Ya burge ta.

Ta nuna shi ta ce, "Irin wannan ta ce."

Mai shago ya ce farin an haɗa shi da wani ƙarfe mai suna nikel. Ya ce akwai mutanen da yake sa wa ƙuraje.

Muntaka ya ce, "Kin tambaye ta wannan?"

Ta ce, "Na tambaya. Ta ce babu komai."

Aka naɗe zobe. Aka yi baiko lafiya. Furera ta sa zobenta, kowa ya yaba.

Bayan kwana huɗu Furera ta zo gaishe da Umma. Babu zobe a hannunta. Yatsan ya kumbura ya yi ja, duk ƙuraje.

Umma ta ce, "Furera, me ya same ki?"

Furera ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Zoben ne, Umma. Da sabulu aka cire shi. Kwana biyu ban je aiki ba, safar hannu ba ta shiga. Tun ina ƙarama nikel yake yi mini haka. Ban san yana ciki ba."

Muntaka ya juyo ya dubi ƙanwarsa.

Umma ta lura. Ta ce, "Auta, me kika sani?"

Sai hawaye suka zubo wa yarinyar. Ta faɗi komai, har dariyar gwaggo.

Umma ta ce, "Kunya ba laifi ba ce. Da kin dawo kin ce ba ki tambaya ba, da yayanki ya nemi wata hanya. Amma kin sa magana a bakin wadda ba ta yi magana ba. Dubi hannunta."

Yarinyar ta duba. Ta matsa gaban Furera ta ce, "Anti, ki yi haƙuri. Ƙarya na yi."

Furera ta ce, "Na haƙura. Amma ke za ki riƙa shafa mini magani duk ranar da na zo."

Muntaka ya fi jinkirin hucewa. Kwana uku ko kofin ruwa bai aike ta ɗauko masa ba. Wannan ya fi duka yi mata zafi.

Da yatsan ya warke, su uku suka koma shagon. Mai shago ya ce zai cire farin ya sa wani farin ƙarfe mai suna filatinum, wanda babu nikel a cikinsa.

Muntaka ya ce, "Ko a sake wani daban?"

Furera ta ce, "A'a. Wannan nake so. Auta ta iya zaɓe, tambaya ce ba ta iya ba."

Muntaka ya yi dariya. Ya miƙa wa ƙanwarsa takardar shagon ya ce ta adana.

Bayan mako biyu zobe ya dawo. Furera ta sa, yatsa lafiya lau.

Yara, idan aka aike ku ba ku isar da aiken ba, ku faɗi gaskiya. Kada ku ƙirƙiro amsa. Amsar ƙarya wani take cutarwa.