Malama Shiru da Mai Sharhin Ƙwallo

Tun kafin jirgin ƙasa ya tashi ta san yau ta haɗu da jarrabawa. Ita ma'aikaciyar laburare ce, rabin aikinta hana mutane surutu. Wanda ya zauna kusa da ita kuwa mai sharhin ƙwallo ne a rediyo, har mai duba tikiti sai da ya sha labari.

"Malama, littafin nan ya fi ni daɗin hira ne?"

"Nesa ba kusa ba," ta ce can ƙasa-ƙasa. Ashe ya ji. Ya yi dariya har da dukan cinya, ita kuwa kamar ta nutse.

A kujerar da ke fuskantarsu akwai wata tsohuwa makauniya, sai juya fuska take wajen taga.

"Iya, in ba ki labarin hanya?" ya ce. "Ga mu kan gada. Ga wata tana shanya, iska ta fizge zani, ta bi shi, ta kusa, ta kusa... ta cafke!"

Tsohuwa ta hau tafi. Awa uku cur bai bar ta cikin duhu ba. Malama Shiru, sunan da ya laƙaba wa ma'aikaciyar laburaren ke nan, ba ta ƙara buɗe shafi ba. Da za su sauka ta rubuta masa lambarta a bayan tikiti.

Saƙonsa na farko: "Malama Shiru, yau na yi minti biyar ban ce uffan ba. Tunaninki nake."

Ta amsa: "Sannu da ƙoƙari, Rediyona. Gobe a gwada shida."

Ranar da ya zo gaida Baba, mahaifinta, tsoro ya kwance masa baki. Ya yaba labule, ya yaba agogon bango, har takalmin Baba bai tsira ba. Yana fita Baba ya girgiza kai.

"Baki shi ke yanka wuya. Ba zan ba mai surutu 'yata ba."

Ba ta taɓa yi wa Baba musu ba. Amma yau ta durƙusa gefen kujerarsa.

"Baba, don Allah ka saurare ni."

Ta ba shi labarin tsohuwar. Ta ce har yau yana kiran tsohuwar a waya duk mako, don jikokinta ba su da lokaci. Ta ce surutunsa ya zama idon makauniya, ita kuwa shirunta bai taɓa zama idon kowa ba. Ta yi ta magana har shayin Baba ya huce.

Baba ya dubi Mama. "Ke, 'yarmu ce wannan? Shekara ashirin da huɗu ban ji ta haɗa magana uku a jere ba." Ya share ido da hannun riga. "Ki ce ya turo manyansa."

A wajen walima aka miƙa wa ango makirufo ya yi godiya. Ya dubi amaryarsa, ya buɗe baki, ya rufe. Ko kalma ta ƙi fita.

"To, yanzu na yarda yana sonta," in ji Baba. "Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a tagari."

Da ƙyar ango ya iya cewa amin.