Wanda Ya Ajiye Takobi

A cikin hafila, motar da ke jigila daga Sinnar zuwa Mai Wurno, Mukhtar ya fara ganin Raihana. Shekarar 2009 ce. Tana riƙe da wasu takardu, labarin zane na Japanawa da yayanta ya bugo mata da Larabci daga Khartum. Shi ma ya taɓa karanta shi.

Labarin abokai biyu ne da dodanni suka cinye garinsu. Ɗaya ya rantse sai ya ɗau fansa, ɗayan ya ajiye takobi ya koma gona.

"Wannan na biyun matsoraci ne," in ji Mukhtar.

Ta ɗago kai. "Shi kaɗai ne mai hankali a cikinsu."

Har suka sauka suna musu, musun da ya zama zance, zancen ya zama so.

Amma da maganar aure ta taso, mahaifinta, Alhaji Gado, ya ƙi. Ya ji Mukhtar na shirin tafiya haƙar zinariya arewa.

"Ba na ba da ɗiyata ga wanda ƙafarsa ke bisa hanya."

Mukhtar ya yi fushi, ya tafi. Raihana ta aika masa da takardun, ba ko kalma. Ya ɗauka sallama ce, ya daina kiranta. Shekara biyu.

Ranar da rami ya rufta da abokinsa Jibo, Mukhtar ya kasa komawa aiki. Ya ciro takardun ya sake karantawa. Jarumin da yake so a da, yanzu sai ya ga mutum ne da ya watsar da duk mai ƙaunarsa. Da ya zo inda manomin ke cin abinci da iyalinsa, hawaye suka zubo masa.

Ya rubuta mata: "Raihanata, na sake karantawa. Ke ce da gaskiya. Ko na makara?"

Amsa ta zo: "Hashim ɗan baffana ya nemi aurena sau biyu. Na ce ina jiran wani ya gama karatu. Dawo, habibi."

Ya dawo ya karɓi gonar mahaifinsa a bakin kogi. Alhaji Gado ya zuba masa ido damina guda, sannan ya ce ya turo manyansa.

Bayan girbin dawa aka ɗaura aure. Tsohon ya dafa kan Mukhtar.

"Na ba ka ita, ɗana. Allah ya zaunar da ku lafiya, ya ba ku zuri'a ta gari."