Mai Neman Riƙon Rahamatu

Shekarar ta ɓace mini, wasu fuskokin ma sun bi ta. Na dai san zamanin Turawa ne, ina koyarwa a elementaren Kankiya, kuma matata Haulatu ta rasu ta bar mini Rahamatu, ba a daɗe da yaye ta ba.

An ba mu wani littafin Turanci na jarrabawar malanta, labarin wata marainiya da dangi suka riƙe suna gallaza mata. Turancina bai nuna ba. Sai nakan zauna gindin wata tsamiya a bayan gari in karanta da ƙarfi, in mayar da shi Hausa don ya zauna mini. Da bakin yarinyar aka rubuta shi, haka ni ma nake faɗa: sun kulle ni, sun hana ni abinci. Ban taɓa cewa ƙagagge ne ba. Na ɗauka ni kaɗai ne a wurin.

Da reno ya gagare ni, na aza Rahamatu a gabana bisa jaki, zan kai wa yayata riƙo a Kusada. Almuru ya same mu daidai tsamiyar.

Jaki ya toge. Kukan gyare ya ɗauke. Sai ƙamshin man shanu ya cika hanya.

Wata tsohuwa ce tsaye, da zanen goyo a hannu. Na duba ƙasa, ban ga ƙafafunta ba.

"Malam," in ji ta a hankali, "can za ka kai ta, inda ake kulle ta? Kullum ina jin kukanta a bakinka. Miƙo ta, ni zan riƙe."

Na ce mata littafi ne, yarinyar Ingila ce, ba a ma taɓa haihuwarta ba. Ta ce marainiya ɗaya take gani, ga ta nan.

Rahamatu ta miƙa mata hannu. Na ji jikin yarinyar ya yi sanyi ƙalau.

Na nemi Ayatul Kursiyyu, harshena ya ƙi juyawa.

Zanen ya taɓa wuyan yarinyar.

Na ƙanƙame ta, na ce, "Iya, ki yi wa Allah. Ba zan ba kowa ita ba. Ko yayata. Ni zan riƙe abata."

Ta janye zanen.

"Ina saurare," ta ce.

Jaki ya juya da kansa ya nufi gida.

Ban zauna jarrabawar ba. Duk garin da yawon karatu ya kai ni, da Rahamatu nake zuwa, har ta yi hankali.

Abu ɗaya na tabbatar daga bakin yayata. A almurun ranar nan wata tsohuwa mai zanen goyo ta yi mata sallama a Kusada, ta ce mata ta naɗe shimfiɗar da ta yi wa Rahamatu, yarinyar ba za ta zo ba.