Rigar da Tanimu Ya Naɗe a Japan

Wallahi tallahi ba za ku yarda ba, kuma ban damu ba. Wanda bai taɓa wuce Zariya ba, me ya sani? Ku matso. Ladidi, kashe wayar nan.

Akwai wani sakarai a kasuwar Ƙofar Ruwa, mai sayar da injinan mota na gwanjo. Tanimu sunansa. Baki kamar rediyo, kai kuwa fanko. Daga aji uku ya tsere wa boko, islamiyya ma bai yi nisa ba, amma in yana magana sai ka rantse shi ya ƙera jirgin sama.

Yayansa Mudi shekara tara yana Japan, yana loda injina a kwantena. Shi ya aika masa da tikiti. Mudi mutum ne mai tsari, komai a takarda: kwana huɗu a filin gwanjo, sannan jirgin ƙasa zuwa wani ƙauye cikin duwatsu, inda ruwan zafi ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa. Tun wata uku ya kama ɗaki, don su dace da bikin tsakiyar Agusta. Mutanen can sun ce a kwanakin nan matattunsu kan zo gida ziyara. Ranar ƙarshe sai a kunna fitilun takarda, a ɗora a kan kogi, a raka su.

Tanimu ya yi dariya har da buga cinya.

"Yaya, mutanen da suka ƙera mota ne ke yi wa gawa rakiya da aci-balbal?"

"Ka kama bakinka," in ji Mudi.

Bai kama ba. Da ya leƙa wurin wanka ya ga dattawa zindir cikin kwarmi ɗaya, sai ya tofar da yawu, ya ce ko awaki sun fi su kunya.

Mai masaukin wata tsohuwa ce, 'yar firit, baya a tanƙware. Ta ba kowa rigar shan iska mai buɗaɗɗen gaba, irin wadda ake naɗewa a ɗaure da ɗamara. Tanimu ya naɗe tasa, ɓarin dama a sama. Tsohuwa ta zaro ido. Ta kwance, ta mayar da hagu sama.

Mudi ya ce, "Masu rai hagu suke ɗorawa. Dama a sama, gawa ake yi wa."

"Gawa? Ni da dama nake ci, da dama nake gaisawa. Yanzu wannan 'yar tsohuwar ce za ta ɗora min hagu a kan dama?"

Ya bari ta juya baya. Ya kwance, ya mayar da dama sama, har yana yi wa ƙeyarta gwalo. Ya fice shi kaɗai.

Magariba ta wuce. Can bakin kogi ana ta ganga. Tanimu ya bi wata siririyar hanya ta bayan gari, ya tarar da wani dogon kwami na dutse, ruwan zafi a ciki, da benci. Nan matafiya ke jiƙa ƙafa. Ya ce yauwa, wannan ba sai an tuɓe ba. Ya zauna, ya tsoma.

Ba kowa.

Fitilu suka fara gangarowa a kan kogi. Ɗaya. Uku. Sannan ba iyaka.

Gyare suka yi tsit.

Sai ya ji benci ya yi sanyi ta gefen hagunsa. Ya waiga. Wani dattijo ne zaune, farar riga, hannuwa bisa gwiwa. Bai ji zuwansa ba.

To, Tanimu Bahaushe ne, ya san abin da ake dubawa. Ya saci kallo cikin ruwa, ko zai ga kofato. Babu kofato. Ya saki ajiyar zuciya, sakaran, har da cewa a ransa aljanun Japan ma ba su da zuciyar fitowa.

"Sannu da hutawa," in ji dattijon.

Da Hausa. Hausar cikin badala. Kuma leɓensa bai motsa ba.

"Yau... yauwa, Baba."

"Ka shirya?"

"Jirgina sai jibi."

"Yau ne. Ga fitilu sun tashi."

Tanimu ya sake duba ruwan, wannan karon da kyau. Ga ƙafafunsa biyu. Kusa da su, rigar dattijon ta sauka cikin ruwa, ta ƙare. Babu kofato, don babu ƙafar ma gaba ɗaya.

Ya ɗago. Rigar dattijon, dama a sama. Ya dubi ƙirjinsa. Dama a sama.

Bencin ya cika. Maza, mata, duk cikin fararen riguna. Suka miƙe lokaci guda, suka nufi kogi a layi. Ƙafafun Tanimu suka fito daga kwami da kansu, suka bi.

Ya kama Ayatul Kursiyyu. Ya kai tsakiya, ta tsaya. Daidai nan ya daina zuwa islamiyya. Ya koma farko. Ta sake tsayawa a wurin.

Ruwan kogi ya taɓa yatsunsa. Ƙanƙara. Ya kai idon sawu.

"Baba, don Allah, ni baƙo ne!"

"Duk baƙi ne. Taho."

Sai ya ji an fizgi ɗamararsa ta baya. Tsohuwar nan ce, 'yar firit ɗin da ya yi wa gwalo, tana haki, Mudi na bayanta da tocila. Ta buɗe rigar, ta maka hagu a kan dama, ta ɗaure tamau, sannan ta sharara masa mari.

Dattijon ya tsaya. Ya daɗe yana kallon rigar.

"Ashe da sauransa," ya ce. "Amma ƙafafun sun riga sun shiga layi. Za mu riƙa karɓa a hankali."

Dattijon ya juya, ya bi fitilu.

Tun daga ranar ƙafafun Tanimu ba su sake ɗumi ba. Ko a tafasasshen ruwa ya sa su, ƙanƙara. Kuma duk tsakiyar Agusta sanyin kan hau da faɗin yatsa uku. Maganinsa ke nan, mara kunya, mai raina...

Me kika ce, Ladidi?

Safa? Ina ruwanki da safata? Mutum ba zai sa safa biyu-biyu a zafin Kano ba sai an yi masa tambaya? To, sunan yayana Mudi, sai me? Mudi nawa ne a garin nan?

Ke, sakar min ƙafa! Ladidi!

To. Kin taɓa, hankalinki ya kwanta. Daina ihu, za ki tashi Inna.

Shekara shida ke nan. Ga inda ya kai, ƙasan gwiwa kaɗan. Jibi sha biyar ga Agusta.

In Allah ya kai ɗayanku ƙasar mutane, aka ce hagu, ya sa hagu. Kuma in ya ga fitilu a kan ruwa, kada ya bi hanyar bayan gari shi kaɗai. Yanzu wani ya ɗauko min Alƙur'ani. Ladidi, ke da kika sauke, zauna nan. Daga tsakiyar ayar za ki fara min.