Juya Dama

"Wai tururuwa na shan man sitiyari?"

Mai walda ne ya yi tambayar, yana tsugune a bakin garejin da ke jingine da gidansu. Ita kuwa ruwan sha ta kawo wa maigidanta, ta raɓe a bayan ƙofa tana jiran baƙo ya tashi, don ita ko gaisuwa da ƙyar take haɗa ta. Maigidan ya yi dariya, ya ce tururuwar wurin nan ko sifana ka ajiye sai sun lasa, balle mai. Suka shiga wata hirar. Ita kaɗai ta riƙe tambayar.

Motar da aka kawo wa maigidan gyara motar tsere ce, shuɗiya, ƙofa biyu, ta yi ƙasa-ƙasa kamar kyanwa za ta kama ɓera. Mai ita ya ce sitiyarin ya yi nauyi, yana kuka in an juya, man kuma ba ya zama a tankinsa. Maigidan ya shimfiɗa farin kwali a ƙarƙashinta don ya ga inda yake ɗiga. Kullum da safe sai a tarar da ɗigo jajaye. Ya sauya roba, ya ɗaure kilif, ya goge famfon sitiyarin tas. Washegari ga ɗigon nan, tururuwa sun yi masa baƙin zobe.

Ita ke share garejin tun da aka kawo ta gidan tana amarya. Ba ta taɓa ganin tururuwa a kan mai ba. Kuma warin ba na mai ba ne. Ƙarni ne, irin na wuƙar da aka yanka nama ba a wanke ba.

Shi kuwa abin ya zame masa zuciya. Abinci sai ya huce a kwano. Cewa yake tunda ya fara riƙe sifana mota ba ta taɓa kai shi ƙasa ba, ba kuma a kan wannan za a fara ba.

Wata rana da almuru, mai walda ya rufe shago, layin ya yi tsit, sai ta ji kiransa daga gareji.

"Takwara, zo ki ara mini hannu."

Haka yake ce mata. Sunansu ɗaya da mahaifiyarsa, don haka sunanta bai taɓa fita daga bakinsa ba, ko a wasa, ko a faɗa.

Ya ɗaga gaban motar a kan jak, tayoyin suna lilo a sama. Ya yi mata bayani: irin wannan yoyon ba ya nuna kansa sai inji na aiki, ana juya sitiyari, mai ya matsu a cikin tiyo. Ita za ta juya, shi zai leƙa. Ta ce ita ko keke ba ta iya ba. Ya ce ai ba kasuwa za ta kai shi ba. Sannan ya daina dariya.

"In na ce tsaya, ki tsaya. Kaina da kafaɗata za su shiga bayan tayar nan. In kika juya dama ina ciki, sai dai ki nemi wani mijin."

Ta zauna a mazaunin direba. Kujerar ta haɗiye ta, sanyi ƙalau kamar an jiƙa ta. Ya tayar da inji, ya ɗauki tocila, ya kwanta a kan kwali ya shige. Ƙafafunsa kawai take hangowa ta ƙofar da ya bari a buɗe.

"Hagu."

Ta juya. Famfon ya yi wani siririn kuka.

"Dama. A hankali. Hagu kuma. To, tsaya nan, Takwara."

Ta tsaya. Ta ji ƙarar kwali yana jan jiki yana ƙara shigewa. Hasken tocilar ya ɓace a bayan taya.

Ƙarnin nan ya cika motar.

Kujerar da ke gefenta ta yi ƙara, ta lotsa, kamar wani ya zauna. Ba ta waiwaya ba.

"Juya dama."

Muryar maigidanta ce, har da 'yar dishewar da yake yi in ya gaji. Hannunta ya soma motsi da kansa.

Sai muryar ta sake cewa ta juya, ta haɗa da sunanta. Sunanta na gaskiya, cikakke, a hankali, kamar mai lallashi.

Hannunta ya ƙame.

Numfashi mai sanyi ya taɓa mata kunne.

"Kaɗan ya rage. Juya."

Ta so ta kira maigidan, harshenta ya manne. Ta so ta murɗa makulli ta kashe injin, sai sitiyarin ya motsa a tafinta. Dama yake nufa. Ta gane in ta ɗaga hannu ɗaya, shi ke nan.

Ta damƙe shi da hannu biyu. Ta kafa ƙafa. Ta ɗora ƙirjinta a kai.

Sitiyarin ya ja. Ta ja.

Wasu yatsu suka sauka a bayan hannayenta. Dogaye, masu sanyi, masu maiƙo. Suka fara ɓamɓare nata ɗaya bayan ɗaya.

"Saki."

Ita da ko mai sayar da ruwa ba ta iya ce wa a'a, ta ji haƙoranta sun rabu.

"Ba zan saki ba," ta ce ƙasa-ƙasa. "Ka yi kuskuren suna. Mijina ne a ƙasan nan, kuma ba ka isa ba."

Kukan famfon ya tashi, ya zama kamar na jariri, ya zama kamar na mace. Motar ta girgiza a kan jak. Ɗan yatsanta ƙarami ya yi ƙas. Ba ta saki ba. Ta sa haƙori ta ciji fatar sitiyarin.

Fus!

Wani abu ya fashe a ƙasa. Kukan ya yanke. Sitiyarin ya mutu a hannunta, ya yi nauyi kamar dutse. Kujerar gefe ta miƙe a hankali.

Maigidan ya jawo jiki ya fito, fuskarsa da rigarsa jajur, yana tofar da yawu yana dariya. Ya ce ga ɓarawon, babban tiyo ne ya tsage ta bayan da ido ba ya kaiwa, yau dai ya tona wa kansa asiri. Ya yabe ta da ta riƙe cak kamar yadda ya ce. Shi bai ji komai ba sai ƙarar inji. Ta ɓoye hannunta a cikin mayafi, ta ce bari ta ɗora masa ruwan wanka.

Washegari ya sa sabon tiyo, ya zuba mai, yoyo ya ɗauke. Yatsan kuwa ta ce ƙofa ce ta datse ta. Bai ƙara miƙewa daidai ba.

Ran da mai motar ya zo ɗauka, ba ta raɓe a bayan ƙofa ba. Fitowa ta yi ta tsaya a tsakiyar gareji, har maigidan ya dube ta da mamaki. Mutumin ya shiga, ya tayar, motar ta sulala ta karya kwana ta hau layi sumul. A daidai kwanar ta hango cikinta. Hannayensa biyu suna kan cinyarsa.

Maigidan yana goge hannu da tsumma, yana cewa mota irin wannan ai har kewarta zai yi. Ta san halinsa. In ya ji rabin abin da ta gani, sai ya sa an dawo da ita ya sake shiga ƙarƙashinta, don ya nuna mata ƙarfe ne kawai da roba.

Ta ja ƙofar garejin da kanta, ta sa sakata. Wannan maganar a cikinta za ta tsufa.