Mai Kitso da Mai Gadin Ƙarya

A wani gari an yi wata tsohuwa mai kitso. Jikokinta suna can nesa, sai muryoyinsu da take ajiyewa a wayarta tana saurara.

Wata rana tana cikin yi wa maƙwabciyarta kitso, sai wayar ta yi ja, ta hau ƙara. Maƙwabciyar ta karanta mata saƙon: "Cuta ta shiga wayarki! Ni ne mai gadinta. Danna nan ki sa lambar sirrinki. Saura minti uku komai ya goge!"

Maƙwabciya ta ce, "Inna, danna mana, kada ki rasa muryar yaran nan!"

Tsohuwa ta ce, "Hannuna duk man shanu ne, kuma ban taɓa sakin kai a tsakiyar kitso ba. Ya jira."

Ta gama layi ɗaya, suka duba, saura minti uku. Ta gama na biyu, suka duba, saura minti uku. Ta gama kan duka, har yanzu saura minti uku.

Ta ce, "Kai! Minti ukun nan ba ya tsufa?"

Ta wanke hannu, ta kai wayar wurin mai gyara a kasuwa. Ya duba, ya ce, "Inna, ɓarawo ne ya sa rigar mai gadi. Da kin ba shi lambar, da ya yashe ki." Nan take ya cire shi.

Ta ce, "Yarana fa?"

Ya danna, sai ga muryar ƙaramin jikanta: "Kaka, ina kwana?"

Tsohuwa ta zauna a benci, ta sauke ajiyar zuciya, ta ce, "Lafiya lau, maigidana."